Harshen Mai Gurmi

Goron da aka kai gidan Malam Abdulrashid ya dawo yadda ya tafi, ko igiyar ƙullin ba a kwance ba.

Tasi'u yana zaune a gindin marken ƙofar gidansu yana ɗinke komarsa da ta yage, sai ya hango kwale-kwalen Baffa Naziru ya doso gaɓa. Tun daga yadda baffan nasa yake dukan ruwa da filafili ya san babu labari mai daɗi. Ya ajiye komar ya bi bayansa zuwa cikin gida.

Baffa Naziru ya dire ƙullin goron a gaban yayansa Malam Sama'ilu, mahaifin Tasi'u, ya tsaya yana huci.

"Sun ƙi mu, Yaya."

Malam Sama'ilu ya ɗago a hankali. "Malam ɗin ne da bakinsa?"

"Shi da bakinsa. Ya ce yaro ɗalibinsa ne, bai san shi da sata ba, bai san shi da shaye-shaye ba. Amma wai makaɗi harshensa ba nasa ba ne. Yau ya yabe ka don ka yi masa liƙi, gobe in ka ɓata masa ya yi maka zambo duniya ta ɗauka. Ya ce ba zai ba irin wannan 'yarsa ba."

"To ai ya faɗi ra'ayinsa cikin mutunci, Naziru. 'Yarsa ce."

"Ba ka ji ƙarshen ba. Muna miƙewa sai matarsa Hajiya Tahira ta ɗaga murya daga bayan zaure, wai a share inda muka zauna a sa turaren wuta, ƙarnin kifi ya cika mata gida. Da kunnena na ji. Ni da furfurata."

Inna Hure, mahaifiyar Tasi'u, tana bakin murhun banda tana juya kifi. Ta tsaya cak, sannan ta sa gefen zaninta ta goge ido, kamar hayaƙi ne ya shige shi.

Baffa Naziru ya juyo kan Tasi'u.

"Kai kuma Allah ya ba ka baki. Ranar buɗe ruwa ta kusa, duk garuruwan bakin dam za su taru a nan. In ka haifu, ka rama mana."

"Naziru," in ji Malam Sama'ilu cikin muryar gargaɗi.

Tasi'u ya shige ɗakinsa. Ya sauko da gurminsa daga jikin ƙusa ya ɗora a cinya, amma bai taɓa tsirkiyar ba. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne, tun kafin baffan ya rufe baki, baitin farko na zambon ya riga ya zo masa, kuma ya zo da daɗi.

*

Bakin Marke ɗan ƙaramin ƙauye ne a gefen dam, a ƙasar Kunci. Kowane gida ka leƙa za ka ga koma a shanye a kan danga. A tsallaken ruwa kuma Tudun Kanya take, garin manoma da malamai. Ta ruwa kusa ne, har kana hango hasumiyar masallacinsu. Ta mota kuwa sai an yi dogon zagaye.

Tasi'u bai gaji kiɗa ba. A gidansu su, wato kamun kifi, aka sani tun kaka da kakanni. Sai dai tun yana ɗan mitsitsi, in aka kifa babbar gorar da masunta ke hawa su yi iyo, za ka same shi a kanta yana buga ta da tafin hannu. In Inna Hure tana banda tana rera 'yan waƙoƙinta don ta rage wa kanta zafin wuta, yana nan kwance a gefenta, bakinsa yana motsi. Washegari sai ta ji ya mayar mata da waƙar, har da ƙarin da ita ba ta sa ba.

Da ya ɗan tasa, ya ga wani mai gurmi a kasuwar Kunci. Ranar bai ci abincin kirki ba. Ya ɗauke ƙoƙon da Inna ke auna gishiri, ya samo fatar guza a wajen wani mafarauci, ya ɗaura zaren fatsa a matsayin tsirkiya. Abin da ya fito ya fi kama da kukan kwaɗo, amma shi a wajensa duniya ce aka ba shi.

Malam Sama'ilu ya kama shi da shi a bayan rumbu. Bai dake shi ba. Ƙafa ya sa ya take ƙoƙon.

"Mu masunta ne. Da hannunmu muke ci, ba da baki ba."

Tasi'u ya yi kukansa ya gama, ya haɗa wani. Wannan karon a cikin ciyawar bakin ruwa ya riƙa ɓoye shi. In an aike shi duba ƙugiyoyi, sai ya tura jirgi can tsakiya inda babu mai jinsa sai tsuntsaye, ya yi ta kaɗawa har yatsunsa su yi kanta.

Kullum da safe kuma ana tsallakar da shi Tudun Kanya, makarantar Malam Abdulrashid. Malam yana son muryarsa. In an yi baƙi, shi ake tayarwa ya karanta. A nan ya fara sanin Juwairiyya, 'yar Malam, wadda ke zama a layin gaba tana yi masa dariya in ya zo da rigarsa a jiƙe.

Shekarar da ciwon baya ya kwantar da Malam Sama'ilu, Tasi'u ne ya ɗauki gidan, yana saurayi sabon tashi. Ya yi su da safe, ya kai kifi kasuwa, ya dawo ya yi wa mahaifinsa gashi. Wata rana da yamma ya zauna a bayan ɗaki yana kaɗawa ƙasa-ƙasa, yana zaton tsohon ya yi barci. Sai ya ji murya daga ciki.

"Tasi'u."

Ya yi maza ya ɓoye gurmin a bayansa. "Na'am, Baba."

"Shigo da abin nan ciki. Tun da ka fara na manta da bayan nan."

Daga ranar bai ƙara ɓoye gurmi ba. Sharaɗi biyu kawai mahaifinsa ya kafa masa: kada ya bar su, kada kuma ya miƙa wa kowa hannu.

Sauran kuma Allah ne ya yi. Wani ya ɗauki waƙarsa ta masunta a waya, ta yi ta yawo daga waya zuwa waya har wani gidan rediyo a Kano ya sa ta. Aka fara kiransa biki a Minjibir da Ungogo. Duk da haka, in gari ya waye, a kan ruwa za ka same shi.

Juwairiyya kuwa ta tafi Kano ta yi kwalejin ilimi, ta dawo tana koyarwa a firamaren garinsu. Yadda abin ya faro tsakaninsu su kansu ba za su iya cewa ba. Mutane dai sun wayi gari sun ga duk ranar da Tasi'u ya kawo wa matan Tudun Kanya masu suya kifi, ita ma ranar ce take sha'awar miyar tarwaɗa.

*

"Ki buɗe kunnenki ki ji ni," in ji Hajiya Tahira. Tana tsaye a ƙofar ɗakin Juwairiyya, hannu a ƙugu. "Ban kai ki kwaleji don ki ƙare a bakin murhun banda ba. Kamaruddeen ɗan yayata ne, jinina ne. Yana da ofishinsa na filaye a Ungogo, ya gina gidansa, ga mota. Me ya rasa?"

Juwairiyya tana zaune a bakin gado, idanunta sun kumbura.

"Umma, ban ce ya rasa komai ba. Yaya Kamal yayana ne, haka nake ganinsa tun ina ƙarama."

"Shi kuma wancan da me kike ganinsa? In kin haihu a ce da 'ya'yanki 'ya'yan maroƙi?"

"Ba ya roƙo, Umma."

"Au, har kin fara kare shi a gabana."

Ta sunkuyar da kai, hawaye wani na bin wani. "Ki yi haƙuri. Amma maganar da kika faɗa wa baffansa ta yi nauyi. Dattijo ne. Kuma kifin nan da su muke ci."

Hajiya Tahira ta buɗe baki ke nan sai suka ji gyaran muryar Malam Abdulrashid a tsakar gida. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya ko a makaranta.

"Tahira, ƙyale ta haka. Juwairiyya, ni ba zan ɗaura miki aure da wanda ba kya so ba, ko Kamaruddeen ko waninsa. Wannan alƙawari ne. Amma shi ma wancan ba zan ba shi ba. Na ga abin da bakin mawaƙi ya yi wa mutanen kirki a ƙasar nan. Mutum ya mutu, zambon da aka yi masa yana nan yara suna rerawa."

"Baba, shi ba haka yake ba."

"Ba a ɓata masa ba ne tukuna. Yanzu da aka ɓata masa, za mu gani."

Da la'asar Kamaruddeen ya zo, motarsa tana sheƙi, shaddarsa tana ƙamshi. Juwairiyya ta fito zaure ta gaishe shi da ladabi, ta zauna nesa.

"Ƙanwata, kin rame," ya ce. "A kan wa? A kan wanda yake can yana wasa wuƙa zai yanka mahaifinki a bainar jama'a?"

Ta ɗago da sauri. "Me kake nufi, Yaya Kamal?"

"Duk bakin dam an sani. Ranar buɗe ruwa zai yi wa Baba zambo, shi da Umma. Wai har ya gama haɗa waƙar." Ya yi murmushi yana juya makullin mota a yatsa. "Ni ba zan ce komai ba. Kunne shi zai ji."

*

Washegari bayan an tashi daga makaranta, Juwairiyya ta yafa mayafi ta gangara bakin ruwa. Matan suya sun gama ɗibar kifinsu sun watse. Tasi'u yana wanke cikin jirginsa. Da ya gan ta sai ya miƙe, ruwa yana ɗiga daga hannunsa.

Suka gaisa kamar baƙi. Ta tsaya a kan tudu, shi yana cikin ruwa zuwa ƙwauri.

"Tasi'u, tambaya ɗaya na zo yi maka. Gaskiya ne ka haɗa wa Baba waƙa?"

Ya kau da kai gefe.

"Ban zauna na haɗa ba, Juwairiyya. Ita ta zo da kanta. In na kwanta tana nan, in na tashi tana nan."

Ta dafe ƙirji. "Ashe gaskiya ne."

"Kin san abin da aka faɗa wa baffana? Tun ranar bai ƙara zama a majalisa ba. Innata ta daina kai banda kasuwarku, wai kunya take ji. Matar da da kifin nan ta raine ni. Duk wanda na gamu da shi a ƙauyenmu, ido yake zuba mini, yana jira. Ni kaɗai ne abin da suke da shi."

"Na sani. Wallahi na sani, kuma na gaya wa Umma ba ta kyauta ba." Ta matso bakin ruwan. "Amma Baba fa? Shi me ya yi maka ban da ya faɗi tsoronsa? Cewa ya yi in an ɓata maka za ka yi zagi. Yanzu so kake ka nuna wa duniya ya yi gaskiya?"

"Ko na yi shiru ba zai ba ni ke ba."

"Wataƙila. Ban zo in yi maka alƙawarin abin da ba ya hannuna ba." Ta share hawaye da bakin mayafi, wasu suka sake zubowa. "Abokanka sun ce ka ajiye gurmi har a ɗaura aure sannan ka ɗauko, na ji. Ban so ka yi haka ba, don ƙarya ce. Ni da gurminka na gan ka, da shi na so ka. Ba zan taɓa cewa ka fasa shi saboda ni ba. Amma ka ji wannan da kyau. Ranar da ka sa sunan mahaifina a bakin yara, ranar ka rasa ni. Ba Baba ne zai raba mu ba, ni ce da kaina."

"Juwairiyya..."

"Zan iya jiranka shekara nawa ne ma. Zan iya jure faɗan Umma da zaryar Yaya Kamal. Wannan ɗaya ne ba zan iya ba."

Idanun Tasi'u suka kaɗa suka yi ja.

"In na yi shiru na ci amanar gidanmu. In na yi magana na rasa ki. Ki gaya mini inda zan sa kaina."

"Ban sani ba," ta ce a hankali. "Kai ne mai waƙa. Ni dai na san wanda na zaɓa, ina roƙon Allah kada ya kunyata ni."

Ta juya ta hau tudu, ba ta waiwayo ba. Shi kuwa ya daɗe a tsaye, har jirgin ya fara janyewa bai lura ba.

*

Kowace shekara Sarkin Ruwa yakan hana su a wani ɓangare na dam don kifi ya hayayyafa. Ranar da aka ɗage hanin ita ce buɗe ruwa. Tun da hantsi Bakin Marke ta cika ta batse. Masunta suka faɗa ruwa da goruna da komaye, aka yi ta fito da karfasa da tarwaɗa, mata suna guɗa.

Bayan la'asar aka share fili a gindin marke, aka shimfiɗa wa Tasi'u tabarma.

A can bayan taron, wata mota ta tsaya a inuwa. Kamaruddeen ne a gaba, Malam Abdulrashid a gefensa. Da kyar ya shawo kansa ya biyo shi.

"Baba, ba sai ka fito ba. Sauke gilashi kawai zan yi. Gara ka ji da kunnenka, kada a ce ƙage na yi masa."

Malam carbinsa kawai yake ja.

Tasi'u bai san da su ba. Ya ɗaure tsirkiya, ya fara da waƙar masunta da kowa ya sani, fili ya ɗauka. Da ya kai ƙarshe sai wani saurayi ya ɗaga murya daga cikin taro.

"Ta tsallaken ruwa muke jira."

Wasu suka amsa. Nan da nan maganar ta zagaye filin. Baffa Naziru yana zaune a gaba, ya harɗe hannu, idonsa a kan ɗan yayansa. A can gefe cikin mata, Inna Hure ta sunkuyar da kai.

Tasi'u ya canja kiɗa. Yatsunsa suka yi sauri, gurmin ya ɗauki wani amo mai kaifi. Zambon yana nan a kan harshensa, baiti bayan baiti, kuma ya san in ya sake shi, kafin sati ya zagayo har a tashar Minjibir za a riƙa rera shi. Ya buɗe baki.

"Akwai wani dattijo a tsallaken ruwa..."

Fili ya kaure da sowa. A cikin mota Kamaruddeen ya gyara zama, ya saci kallon Malam.

Tasi'u ya yi shiru, gurmin kaɗai ke tafiya. Ya rufe ido. Da ya buɗe, sai ya sassauta kiɗan, ya sake ɗaukowa daga farko.

"Akwai wani dattijo a tsallaken ruwa,
Shi ya kama yatsana ya ɗora kan allo.
Yau in ya hana ni fura a ƙwaryarsa,
Ba zan fasa ƙwaryar da ta shayar da ni ba."

Sowar ta mutu. Wasu samari suka fara gunaguni. Baffa Naziru ya yunƙura zai tashi. Tasi'u ya dube shi ido cikin ido, ya ɗaga murya.

"An ce da mu masu ƙarnin kifi,
Na ce ku ƙara faɗa, sunanmu ne.
Da shi Inna ta goya ni har na girma,
Da shi Baffa ya yi furfura bai yi sata ba.
Wanda duk ya ci tuwo da miyar tarwaɗa,
Hannun masunci ya sha, ko bai sani ba."

Wata tsohuwa ce ta fara rangaɗa guɗa. Sai filin ya ɗauka gaba ɗaya. Masunta suka ɗaga filafilansu sama suna amsa, "Sunanmu ne, sunanmu ne." Inna Hure ta rufe fuska da tafin hannu tana kuka tana dariya. Baffa Naziru ya koma ya zauna. Ya daɗe yana girgiza kai, can sai aka ga ƙafarsa tana bin kiɗan.

Malam Abdulrashid ya mayar da carbinsa aljihu.

"Kamaruddeen, abin da ka kawo ni in ji ke nan?"

"Baba, wallahi ce mini aka yi... ƙila ya hango motar ne."

"Da ya zage ni, da ka ji daɗi?"

Kamaruddeen ya sunkuyar da kai.

Malam ya buɗe ƙofa ya fito. "Je ka abinka. Ni ta ruwa zan koma."

*

Da taro ya fara watsewa, Tasi'u ya ɗago ya ga Malam tsaye a gabansa. Saura kaɗan gurmin ya faɗi. Ya zube ƙasa.

"Allah gafarta Malam."

"Tashi. Kana da jirgi? Ina so in riski magariba a gida."

Mutane suka dare suna kallo. Malam ya tattare babbar rigarsa, ya shiga kwale-kwalen da bismillah, ya kama gefe da gefe da hannu biyu. Duk shekarunsa a bakin dam ɗin nan, bai taɓa hawa ruwa ba. Tasi'u ya ajiye gurmin a cikin jirgi, ya tura a hankali.

Sai da suka yi nisa da gaɓa Malam ya yi magana.

"Ka san ina wajen?"

"Wallahi ban sani ba, Malam."

"An ce ka shirya mini zambo."

"Na shirya. Ba zan yi maka ƙarya ba. Har na buɗe baki da niyyarsa."

"Me ya hana ka? Juwairiyya?"

"Ta roƙe ni, kuma maganarta ta tsaya mini a rai. Amma a lokacin ba ita na gani ba. Yaran makarantarka na gani, suna rera shi a bayanka in ka wuce masallaci. Na san in ya fita ba ni da ikon dawo da shi, ko da daga baya na yi nadama. Sai na ji ba zan iya ba."

Ruwa yana bugun cikin jirgin, rana ta yi ja a kan gonakin Tudun Kanya.

"Ni har yanzu ba na son kiɗa," ya ce. "Kuma ba na jin zan so shi har in mutu."

"Na sani, Malam."

"Amma na yanke maka hukunci da laifin wasu. Mutumin da aka ɓata wa, ga makami a hannunsa, ga jama'a suna zuga shi, ya mayar da shi kube, wannan harshensa nasa ne." Ya ɗan saki gefen jirgin, ya sake kamawa da sauri. "Ka gaya wa mahaifinka ina son ganinsa ranar Juma'a bayan an sauko. Ya zo da baffanka, akwai haƙurin da zan ba shi. Ban ce na ba ka ba tukuna. Cewa na yi su zo mu zauna."

Filafilin ya tsaya a hannun Tasi'u. Hawaye suka gangaro masa, ya kasa sharewa.

"Tuƙa mana, kada ka kifar da ni," in ji Malam. "Ban iya ruwa ba."

A gaɓar Tudun Kanya mata sun taru suna hangen biki daga nesa. Juwairiyya tana cikinsu, tun azahar take tsaye, ba ta san abin da aka rera a can ba. Da jirgin ya matso ta gane farin rawanin da ke ciki, ta gane mai tuƙin. Ta durƙusa a kan yashi, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Tasi'u ya diro ya riƙe jirgin. Malam ya miƙe da kyar, sai ya lura ruwa ya taru a cikin jirgin har ya fara taɓa gurmin. Ya sunkuya ya ɗauke shi da yatsu biyu, ya miƙa masa.

"Riƙe abinka, zai jiƙe."

Ya taka tudu, ya sauke ajiyar zuciya. Ya dubi 'yarsa, ya dubi hanyar gidansa inda hayaƙin girkin Hajiya Tahira ke tashi, sannan ya juyo ga Tasi'u, ya rage murya.

"Kada ka yi saurin murna. Saura uwarta. Wannan ruwan ya fi wanda muka haye zurfi, kuma a can ni zan yi tuƙin."